Kan Bel Mai Harshe Biyu

Akwai wani baduku da duk mutanen layinsu suke kira Tamau. Bakinsa ne ya ja masa sunan. Duk abin da ya ɗaure, bel ne, madaurin jaka ne, ko na ɗaure kaya a bayan babur, sai ya fizge shi sau biyu, ya leƙo mai kayan ta saman tabarau, ya ce, "Tamau." Daga nan magana ta ƙare. Ko godiya ka yi, ba zai ɗago kai ba.

Shagonsa yana tsakanin mai aski da mai faci. Shekara talatin da ɗaya yana wurin.

Yankan fata da ɗinki, wannan kowane baduku ya iya. Abin da Tamau yake taƙama da shi kan bel ne, wato ƙarfen nan da ke riƙe bel a gaba. Sauran dukawa na kamfani suke sarowa a leda. Shi kuwa da hannunsa yake ƙera nasa, da jan ƙarfe da zarto da magagari.

Kuma nasa ba irin na kowa ba ne. Harshe biyu yake yi masa, kowane ya shiga hudarsa, sannan ga wani ɗan marfi da ke rufe kan harsunan. Idan za ka kwance, sai ka ja bel ɗin baya da hannu ɗaya don ya yi sako-sako, ka sa ɗaya hannun ka ɗaga marfin, ka zare harsunan. In ba haka ka yi ba, kana ja yana ƙara cizo.

Yana da yadda yake gwaji. Akwai wani buhun yashi a kusurwar shago. Duk sabon kan bel, sai ya sa masa madauri, ya rataya buhun a jikin katakon rufi, ya bar shi kwana uku yana lilo. Rana ta uku sai ya rungumi buhun ya sauke shi ƙasa, sannan ya kwance. Kullum haka. Sai ya sauke nauyin tukuna, sannan ya buɗe.

Wata rana wata tsohuwa ta dawo da jakar da ta saya. Yatsunta sun kumbura, gaɓoɓin sun karkace.

Ta ce, "Ɗan nan, jakarka kyau kamar me. Amma ni da ita sai kallo. Maganina yana ciki, tun jiya nake jiran maƙwabciya ta zo ta buɗe min."

Tamau ya karɓi jakar, ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, ya rufe. Ya miƙa mata.

"Iya, jakar lafiyarta ƙalau."

"Ai ban ce ba ta da lafiya ba. Ni ce ba ni da ita. Ko za ka sa min mai sauƙi?"

"Mai sauƙi yana bakin titi, a tire. Ni abin da na rufe ya rufu ke nan."

Tsohuwar ta ɗan tsaya. Ta ce to, ya bar mata ita a buɗe. Haka ta tafi da jaka baki hangame, ta danne ta a hammata.

Duk wannan a gaban 'yarsa aka yi. Auta ce, shekararta ashirin da huɗu, ita ke kan keken ɗinki a shagon tunda yayyenta duk sun watse, kowa da aikinsa a wani gari. Auta irin mutanen nan ce da in suka ji muryarka sau ɗaya, shi ke nan, ta zama tasu. Tana kwaikwayon mai faci yana rantsuwa cewa tayar nan ba ta da sauran huda. Tana yin mai aski yana ba da labarin ƙwallo da reza a wuyan mutum. Mahaifinta ma tana yin sa, amma sai ya tafi sallah.

Ta ce, "Baba, da ka yi mata mai harshe ɗaya."

Ya ce, "Da kin yi ɗinkinki."

Ta yi ɗinkinta.

Wata Talata da hantsi, yana goge wani ƙarfe, magagarin ya faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun bai bi shi ba. Ya buɗe baki zai kira Auta, abin da ya fito ba suna ba ne. Mai faci ne ya tare mota.

Ya yi kwana goma sha tara a asibiti. Ɓarin dama ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, yana jan ta da sanda. Maganar ma ta dawo, a hankali, kamar mai tauna wani abu. Hannun dama kuwa bai dawo ba. Yana nan a cinyarsa, yatsun a lanƙwashe, kamar wani ne ya manta shi a wurin.

Aka sa masa kujera a falo, kusa da taga. Nan ya zama wurinsa. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. In an kawo abinci ya ci. In an kunna rediyo ya bari, in an kashe ya bari.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kuma kun san 'yan dubiya. Wani ya ce, "Ai kawuna haka ya yi, wata biyu ya miƙe, yanzu har keke yake hawa." Wata ta ce, "Namu ma haka ya fara, Allah ya jiƙansa." Mai aski kuwa ya zo da kayansa a leda, ya yi masa aski a falo, yana cewa, "Maigida, ka ga yadda ka yi kyau? Hutu ya karɓe ka. Ni ma da zan samu irin wannan hutun, amma ban da ciwon." Shi kaɗai ya yi dariya.

Abu ɗaya ne Tamau bai sake ba. Kowace safiya sai matarsa ta sa masa wando da riga, ta zura masa bel ɗinsa, mai harshe biyu, ta ɗaure. Ya rame, wandon ba ya tsayawa sai da shi.

Mama, haka kowa ke kiran matar, ta sayo wando mai roba guda biyu, masu laushi. Ta ajiye masa a hannun kujera.

"Malam, ga wannan. Ba sai an yi ta fama da ƙarfe ba."

Ya daɗe yana kallon wandon. Sannan ya ce, "Rabin garin nan ni na ɗaure musu ƙugu."

"To ai ba wanda zai gani. Riga za ta rufe."

"Ni zan gani."

Wandunan suka yi kwana biyu a hannun kujera, sannan ta mayar da su durowa.

Don haka duk sanda zai zaga, sai ya kira ta. Ta biyo shi har ƙofar banɗaki, ta kwance masa, ta jira a waje, ya fito riƙe da wando, ta ɗaure. Ba ya kallonta, ba ta kallonsa. Shekara talatin da shida da aure, amma a bakin ƙofar nan kamar baƙi suke.

Ranar wata Alhamis maganinsa ya ƙare. Auta tana shago. Mama ta ce bari ta je kantin magani ta dawo, minti ashirin. Ta tarar da layi.

Daga kujerarsa zuwa banɗaki taku goma sha ɗaya ne. Ya yi su shi kaɗai. Ya jingina da bango, ya jingina sandar, ya kai hannun hagu kan bel. Ya ja baya, ya yi sako-sako. Ya saki don ya ɗaga marfin, ya koma ya cije. Ya sake ja. Ya sake saki. Ya gwada danne bakin bel ɗin da gwiwar hannu. Ya gwada sunkuyawa ya kama da haƙori, bai kai ba.

Kan bel ɗin ya yi aikin da aka ƙera shi ya yi.

Da Mama ta dawo, a tsaye ta same shi, goshinsa a jikin bango. Ta kalli ƙasa. Ta ajiye ledar magani a kan tebur. Ta ce, "Famfon nan ya sake yoyo." Ta ɗauko tsumma da bokiti.

Ba wanda ya sake tayar da maganar.

Daga ranar Tamau ya daina kiran ta sosai. Da, sau biyar ko shida a yini. Ya koma sau biyu, wata rana ɗaya. Mama ta ɗauka sauƙi ne. Kofin ruwan da take ajiye masa kullum a shanye take samun sa.

Leɓɓansa suka fara tsagewa. Ya fara gyangyaɗi da rana. Wata safiya ya miƙe, jiri ya mayar da shi kujera.

Ranar komawa asibiti, likita ya duba takardar gwaji, ya duba Tamau, ya sake duba takardar. Irin likitocin nan ne masu magana ta hanci, suna rubutu suna yi maka faɗa.

"Baba ba ya shan ruwa."

Mama ta ce, "Yana sha, likita. Kofi shida nake ba shi."

"To ƙodarsa ba ta ganin ruwan. Hajiya, ni da takarda nake aiki. Ku dawo bayan kwana goma. In na ga haka, gado za mu ba shi, mu sa masa ƙarin ruwa, mu sa masa robar fitsari. Ƙoda in ta tafi ba ta sallama. Na gaba."

Suka kamo hanyar gida a mota. Tamau yana kallon titi.

Auta ce ta gano. Washegari tana shara a falo, ta ja kujerar mahaifinta, sai ta ga fulawar da ke cikin gwangwani a ƙarƙashin taga. Fulawar nan shekara biyu tana neman mutuwa, ba mai kula ta. Yanzu ta yi kore shar, har da sabon ganye. Ta sa yatsa a ƙasar. Caɓal.

Ta samu Mama a kicin.

"Mama, fulawa ce ke shan ruwan Baba."

Mama ta ci gaba da yanka albasa. Ta gama guda, ta ɗauki wata. Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta gaya mata abin da ya faru ranar Alhamis.

"Kada ki nuna masa kin sani."

"To sai mu bar shi ya bushe?"

"Na ce zan daina fita. Ya ce ba fitata ba ce. Na ce a sa masa wando mai robar. Ya juya kai. Ubanki ne, kin fi ni sanin inda za a kama shi."

Auta ta fara da mai sauƙi. Ta cire maɓallin roba daga wata tsohuwar jakar goyo, irin wanda ake matse gefe da gefe ya buɗe. Ta ɗinka shi a madauri, ta ɗaura a ƙugunta, ta gwada a kicin da hannu ɗaya. Buɗewa kam nan take. Rufewa ce ta gagara. Sai an riƙe ɓangare ɗaya an tura ɗayan, hannu biyu ke nan. In ya shiga da shi zai kwance, amma zai fito riƙe da wando, ya sake kiran Mama. Ta jefa shi kwandon shara.

Washegari ba ta buɗe shago ba. Ta zo da mai baro, aka sauke mata ƙaramin teburin aiki mai abin matse ƙarfe, da zarto, da magagarai uku, da guntayen jan ƙarfe a gwangwani. Ta sa teburin a tsakiyar falo, taku biyu daga kujerar mahaifinta.

Ya kalli teburin. Ya koma kallon taga.

Ta ce, "Shago ya yi zafi."



Abin da take so ta ƙera ba shi da harshe ko ɗaya. Firam ne da bel zai ratsa ta ciki, da marfi mai ƙananan haƙora a ƙasansa, yana juyawa a kan ƙusa. In an danna marfin, haƙoran su cije bel. In an ɗaga da babban yatsa, su saki. A kanta abin ya zauna daram. A ƙarfe kuwa ba ta taɓa yi ba. Ɗinki aka koya mata, ba ƙira ba.

Ta yini tana yanka tana gogewa. Da la'asar ta gama na farko. Ta ɗauko ɗankwali ta ce Mama ta ɗaure mata hannun dama a bayanta. Ta rataya madaurin a ƙugiyar ƙofa, ta maƙala bokiti cike da ruwa a ƙasansa.

Bokitin ya fara sauka a hankali. Bel ɗin yana zamewa ta cikin haƙoran, sul, sul, har gindin bokitin ya taɓa ƙasa.

Auta ta gyara tsayuwa. Ta sauke haɓa, ta leƙo ta saman tabaran da ba ta da shi, ta kumbura murya.

"Wannan ba kan bel ba ne. Wannan gaisuwa ce. Ya gaida bel, bel ya gaida shi, kowa ya kama gabansa."

Muryarsa ce sak, ta da, kafin ciwon. Har da ɗan karin da yake yi a ƙarshen magana. Mama ta toshe baki da mayafi ta shige kicin.

Tamau bai juyo ba. Amma yatsun hannunsa na hagu sun motsa a kan hannun kujera.

Kwana na biyu ta zurfafa haƙoran, ta matso da marfin kusa. Wannan karon bokitin ya tsaya cak. Ta kai babban yatsan hagu za ta ɗaga marfin. Ya ƙi. Ta danna da ƙarfi har farcenta ya tsage. Ya ƙi. Sai da ta ɗaga bokitin da gwiwa, nauyi ya ragu, sannan ya buɗe.

Ta tsotsi yatsan. Ta sake ɗauko muryar.

"Lafiyarsa ƙalau. Ke ce ba ki iya ba. Ki sauke kayan tukuna, sannan ki buɗe, haka masu hankali suke yi."

Sannan da muryarta, ƙasa-ƙasa, tana kallon ƙarfen, ta ce, "Sai dai mutum ba buhu ba ne, Baba. Buhu ba ya matsuwa. Buhu zai jira a sauke shi."

A waje wani mai gyaran takalmi yana wucewa yana buga akwatinsa.

Ta ɗauka ta ɓata komai. Ta fara tattara magagarai.

Kwana na uku ta yi wani, ya zame. Kwana na huɗu ta yi wani, ya cije ya ƙi saki. Tsakanin zamewa da cijewa ta rasa inda za ta tsaya. Ta daina kwaikwayon kowa. Tafin hannunta ya yi kanta, ƙurar ƙarfe ta shiga ko'ina, Mama tana ta sharewa. Kofin ruwa yana nan a gefensa. An ɗauke fulawar zuwa waje, don haka yanzu a cike yake yini.

Saura kwana huɗu a koma wurin likita.

Da hantsin kwana na biyar tana shirin huda sabon firam, ta ɗora bakin abin huda a kan alamar da ta yi.

"Ba nan ba."

Ta tsaya. Ba ta ɗago ba.

"Ƙusar," in ji Tamau. Kalmar ta ɗauki lokaci kafin ta fito. "Kin sa ta tsakiya. Kawo."

Ta kai masa firam ɗin da marfin. Ya ɗora su a cinyarsa, kusa da hannun da ba ya motsi. Ya yi ta shafa su da babban yatsan hagu, ciki da waje. Ya rufe ido.

"In tana tsakiya, ko dai ya zame ko ya cije. Matsar da ita baya. Kaɗan. Kaurin tsinken ashana." Ya huta. "Nauyi zai ja shi ya rufu. Amma da kin ɗaga kaɗan, ya wuce wurin, nauyin ne da kansa zai ƙarasa buɗewa."

Auta ta ce, "Ashe ka san yadda ake yi."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haife ki."

Ta tsaya tana kallonsa.

Ya ce, "Ban ga amfaninsa ba. Ina ganin na ragwaye ne."

Ya miƙa mata ƙarfen. "Marfin ma gajere ne. Ƙara masa tsawo. Lanƙwasa bakin waje, yadda yatsa zai shiga ƙarƙashi ko da yana rawa."

Suka yini a kai. Ta ja teburin har jikin kujerarsa. Ita ke yanka, ita ke gogewa, shi kuma duk bayan 'yan mintuna sai ya miƙo hannu, ta ɗora masa, ya shafa.

"Nan."

Ta goge.

"Ya isa. Na ce ya isa, ba rake ba ne."

"Baba, sau biyu kawai na ja."

"Ɗaya ya yi yawa."

Mama ta leƙo daga kicin jin ana faɗa. Ta daɗe ba ta ji faɗa a gidan ba. Ta koma.

Can da rana, Auta tana zagaye haƙoran don kada su ci fata, ya ce, "Tsohuwar nan. Mai jaka."

"Na'am."

"Ta sake zuwa?"

"Ba ta sake ba."

"Kin san gidanta?"

"Ban sani ba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya miƙo hannu, ta ɗora masa ƙarfen.

Na ranar bai yi ba, ƙusar ta wuce baya da yawa, marfin yana buɗe kansa in an girgiza. Washegari suka sake, suka dawo da ita rabin abin da suka matsar. Da azahar aka gama. Ba shi da kyau irin nasa. Gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ga sawun magagari ko'ina.

Auta ta zura madauri, ta rataya a ƙugiyar ƙofa, ta maƙala bokitin. Ya tsaya. Ta girgiza shi. Ya tsaya. Ta ƙara masa dutsen guga a ciki. Ya tsaya.

Tamau ya ce, "A bar shi kwana uku."

"Kwana biyu suka rage mana, Baba. Kuma riƙewa mun gani. Buɗewa za a gwada, da kayan a jikinsa. Ba ni zan buɗe ba."

Ya kalle ta. Ya kalli ƙofar. Ya jawo sandarsa.

Taku huɗu ne. Ya tsaya, ya jingina kafaɗa da bango. Ya sa babban yatsa ƙarƙashin lanƙwasar, ya ɗaga.

Ƙas. Bokitin ya faɗi, ruwa ya watsu har ƙarƙashin kujeru.

Mama ta fito da tsumma a hannu. Ta kalli ƙasa, ta kalle shi.

Auta ta ce, "Bokiti ne, Mama."

"Na ga bokiti ne."

Auta ta kwance tsohon kan bel ɗin daga bel ɗinsa, ta warware ɗinkin, ta ɗinka sabon. Ta sa wa gindinsa ɗan madauki da zai maƙale a hancin wando na farko, inda bel ke ratsawa, don kada ɓangaren ya gudu in ana zurawa da hannu ɗaya. Ta zagaya masa bel ɗin a ƙugu, ta bar bakin yana reto. Ta ja baya.

Ya kama bakin, ya nemi ƙofar firam. Ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Mama ta yi taku ɗaya, Auta ta riƙe mata gefen zane. A karo na uku ya shiga. Ya ja har inda ya yi masa, ya danna marfin da tafin hannu.

Ya tsaya haka. Ya ɗaga. Ya buɗe. Ya ja, ya danna. Ya sake yi, sau uku.

Sannan ya juya ya nufi banɗaki, yana jan ƙafa, yana kauce wa ruwan da ke ƙasa. Bai kira kowa ba. Ya shiga, ya tura ƙofa, suka ji ya sa sakata.

Mama ta tsuguna ta fara goge ruwa. Wuri ɗaya take ta gogewa. Auta ta zauna a bakin teburin tana jera magagarai daga babba zuwa ƙarami, ta wargaza, ta sake jerawa.

Ya daɗe.

Sakata ta yi ƙara. Ya fito. Rigar ta cusu gefe ɗaya, gefe ɗaya tana waje. Bel ɗin a ɗaure. Ya tako har kujerarsa, ya zauna, ya jingina sandar. Numfashinsa yana fita da sauri.

Ba wanda ya ce masa sannu.

Ya kalli kofin da ke gefensa tun safe, ƙurar ƙarfe ta kwanta a saman ruwan.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Zubar da wannan. Kawo mai sanyi."

Ta kawo. Ya shanye a tashi ɗaya, ruwan yana bin gefen bakinsa da bai gama dawowa ba. Ya goge da bayan hannu. Ya miƙa mata kofin.

"Ƙaro."

Darasi: Duk abin da kake yi wa mutane, kada ka auna shi da ƙarfinka na yau kaɗai. Ka tuna da mai rauni, da tsoho, da mai hannu ɗaya, domin ba ka san ranar da za ka tsaya a layinsu ba. Kuma in wani ya ce maka aikinka yana ba shi wahala, ka saurare shi tun yana gabanka, don ba kowa ne yake dawowa ba. Ku tura wa masu sana'ar hannu da kuka sani, da duk wanda ke jinyar wani a gida. Ku kuma duba kofin majinyacinku da kyau.